Mai Raino da Dabbobin Gida: Ina Aikinta Ya Tsaya?

A gidajenmu da yawa, musamman a garuruwa irin su Jos, Kaduna, Kafanchan, Gombe da Yola, uba da uwa duk suna fita aiki da safe. Ana barin yara a hannun mai raino. Akan bar mata kuma wani abu da ba a cika ambatonsa ba sa'ad da ake daidaita maganar albashi: kare a keji bayan ɗaki, kyanwa a ɗakin girki, wataƙila har da zomaye ko tattabarun babban yaron gidan. Ranar da ta fara aiki an gaya mata lokacin kunun jariri, da lokacin tashin 'yan makaranta, da inda ake ajiye sabulu. Maganar kare kuwa sai ran Litinin da safe, uwargida tana gaggawar fita, ta waiwayo ta ce, "Af, ki ba shi sauran tuwon jiya, ki kuma share wurinsa." Yarinyar ta ce, "To, Mama." Shi ke nan, aiki ya ƙaru, ba wanda ya zauna ya yi tunani a kansa.

Muna so mu yi wannan tunanin tare, domin abin ya shafi rai: ran yaro, ran mai rainon, da ran dabbar ma.

Dabbar ta wane ne?

Bari mu fara da abin da yake a fili. Mu muka kawo dabbar gida, ba mai raino ba. Saboda haka manyan nawayarta suna wuyanmu. Kai kare wurin likitan dabbobi, yi masa allurar rigakafi, ba shi maganin tsutsar ciki, yi masa wankan kaska da ƙuma, gyara kejin da ƙofarsa ta lalace, koya masa ya san mutanen gida, duk aikin maigida ne da uwargida. Ba daidai ba ne a miƙa wa yarinya kwalbar maganin kaska a ce ta dama ta yi wa kare wanka, alhali da hannun nan za ta koma ta dama kunun jariri. Yawancin magungunan nan guba ne, suna kuma shiga jiki ta fata.

Akwai ƙananan ayyuka da za a iya roƙonta ta riƙa yi, kamar zuba ruwa a kwano da ba da abinci da rana. Amma a faɗe su tun farko, ta amince, a kuma lissafa su cikin albashinta. Waɗannan ayyuka suna zuwa ne bayan na yaro. Idan jariri yana kuka da zazzaɓi, kare kuma yana haushi don yunwa, kare zai jira. Mu gaya mata haka da bakinmu, domin yarinya mai tsoron faɗa takan yi ƙoƙari ta haɗa duka biyun, taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

Ga misalin da ke faruwa kullum. Mai sayar da ruwa ya buɗe ƙofar gida, kare ya sulale ya fice. Me za ta yi? Idan tana jin tsoron maigida zai dawo ya tarar ba kare, za ta bar yaro mai rarrafe a tsakar gida kusa da bahon wanki ta bi shi a guje. Ƙaramin yaro yakan nutse a ruwan da bai kai tsawon yatsa biyu ba, cikin 'yan mintoci, ba tare da ihu ba. Sai mu riga mu ce mata, "'Yata, in kare ya fita, ki bar shi. Ki rufe ƙofa, ki kira ni a waya." Kare da ya ɓata ana iya nemansa da yamma.

Aikin da ba za ta iya kauce masa ba

Ko da an ɗauke mata ba da abinci da shara, akwai abu ɗaya da ya rage a hannunta, domin yana cikin rainon kansa. Ita ce mai tsayawa tsakanin yaro da dabba a duk sa'o'in da ba ma nan. Ka'idar gajeriya ce: ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, ko na minti ɗaya, ko karen ya tsufa a gidan. In za ta shiga wanka, ko dai kare yana kulle, ko yaro yana cikin ɗaki an ja ƙofa.

Mukan ce, "Ai karenmu ba ya cizo, tun yana kwikwiyo yake wasa da yara." Hausawa sun ce, ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Yara da yawa da ake kai wa asibiti da cizo, karen gidansu ne ko na maƙwabta ya cije su, wanda suka san sunansa. Ba mugunta ba ce ke sa shi. Yaro ɗan shekara biyu bai san bambancin shafa da mintsini ba. Yana jan kunne, yana hawa baya, yana tura hannu cikin kwanon abinci, yana rungume wuya yana kai fuskarsa daidai bakin kare. Kare kuwa ba shi da hannun da zai ture shi.

Ya kamata mai raino ta san lokutan da kare ya fi saurin cizo: sa'ad da yake cin abinci ko gwaguyar ƙashi, sa'ad da yake barci aka firgita shi, sa'ad da yake ciwo, da kuma karya mai shayar da 'ya'ya. Wannan ta ƙarshe ta fi duka haɗari, domin kwiyakwiyi ne suka fi jan hankalin yara. Kare yakan yi gargaɗi kafin ya ciji. Jikinsa zai sandare, ya kwantar da kunnuwa baya, ya kau da kai yana kallo ta gefen ido, ya ɗage leɓe, ya yi gurnani. Kaɗa wutsiya ba kullum ne alamar murna ba. In ta ga haka, ta ɗauke yaron a hankali ba tare da ihu ko gudu ba. Kada kuma a doki kare don ya yi gurnani. Karen da aka hana shi gurnani, wata rana zai ciji ba gargaɗi.

A gidajen da ake kulle kare da rana a sake shi da dare don gadi, lokaci mafi haɗari shi ne asuba. Wa ke mayar da shi keji? Idan maigida ya yi sammakon tafiya ya manta, yaro ya tashi ya fita fitsari, to, an gamu. A sa wa mutum ɗaya wannan aiki, babba, wanda karen ke jin maganarsa. Mai raino kuma kada ta buɗe ƙofar ɗaki sai ta leƙa ta ga sakatar keji a rufe. Haka ma in 'ya'yan maƙwabta sun shigo wasa. Karen da ke haƙuri da yaran gida ba lallai ya yi haƙuri da baƙi ba, yaran nan kuwa, muddin suna tsakar gidanmu, a hannunta suke.

Idan an yi cizo

A nan za mu daɗe, domin a nan ne rai ke fita.

Ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu, bai tafi ko'ina ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa ta wurin kare suke samunsa, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. Tana shiga ta cizo, ko ta yakushi, ko in dabbar ta lashi wurin da fata ta riga ta buɗe. Daga nan sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda kawai, wani lokaci har shekara. Idan raunin yana fuska ko wuya, hanyar ta fi gajarta, nan ne kuwa aka fi cizon yara saboda gajartarsu. Muddin cutar tana kan hanya, allura na iya tare ta. Amma da zarar alamu sun bayyana, wato zazzaɓi, ruɗewa, tsoron ruwa har mutum ya kasa haɗiyarsa, kusan babu mai tashi.

Ku lura da abin da wannan ke nufi a gidan da ake barin yara da mai raino. Ƙaramin rauni ne, yakan warke cikin kwana uku. Yaron bai iya magana ba, ko kuwa ya iya amma an hana shi taɓa kare, don haka ya yi shiru. Mutum ɗaya ne tak ya gani. Idan wannan mutumin yarinya ce da aka taɓa mara don ta fasa faranti, ko aka yanke mata albashi don tukunya ta ƙone, me muke tsammani za ta yi? Za ta wanke wurin, ta sa masa riga mai dogon hannu, ta ce ƙaya ce ta karce shi. Bayan wata biyu yaro ya fara zazzaɓi, a yi ta ba shi maganin zazzaɓin sauro, ba mai tuna kare. Ba mugunta ce ta sa ta ɓoye ba, tsoro ne, tsoron kuwa a gidanmu ta koye shi.

Saboda haka a ganinmu, magana mafi muhimmanci da za a yi da mai raino a kan dabbobi ita ce wannan, a kuma yi ta tun ranar farko: "Duk ranar da kare ko kyanwa ta ciji yaro, ko ta yakushe shi, ko ta cije ki ke kanki, kome ƙanƙantarsa, ki kira ni nan take. Ba zan yi miki faɗa ba, ba zan taɓa albashinki ba." Sa'an nan mu cika alkawarin ranar da abin ya faru, ko da zuciya tana tafasa, ko da akwai sakacinta a ciki. Maganar sakaci za a iya yinta bayan mako guda, cikin natsuwa. In muka zazzage ta a ranar, mun rufe bakinta ke nan a karo na biyu. A tabbata kuma akwai kuɗi a wayarta, da lambar wani maƙwabci in tamu ba ta shiga.

Abin da za ta yi kafin mu iso ba shi da wuya, kowa zai iya. Ta wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, tana zubawa, har minti 15. Minti 15 yana da tsawo idan yaro yana tsala ihu, don haka ta duba agogon waya, kada ta ƙiyasta da ka. Wannan wankin kaɗai yana rage haɗarin ƙwarai. In akwai aidin a gida ta shafa bayan wankin. Kada ta zuba toka, ko barkono, ko man birki, ko ta ɗaura ganye, ko gashin karen, kome wanda ya ba ta shawarar. Kada kuma ta ɗaure wurin tam. Daga nan sai asibiti a ranar, ba gobe ba. A can za a fara allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yi sau da dama, a ranar farko, da kwana na 3, da na 7, da sauran ranakun da likita zai rubuta. Idan raunin mai zurfi ne akan ƙara wata allura dabam da ake yi a cikin raunin da kewayensa, a kuma duba maganar allurar tetanos. Alluran suna da tsada, ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye su ba. Ya fi kyau mu san inda ake samunsu a garinmu tun ba a shiga damuwa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta farko da ta biyu, a ga rauni ya bushe, a daina zuwa.

Karen fa? Abin da zuciya ke cewa shi ne a kashe shi nan take a jefar. Ya fi amfani a kulle shi, ana ba shi ruwa da abinci daga nesa, a sa masa ido kwana 10. Idan ya wuce kwanakin nan lafiya lau, alama ce babu cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon, likita kuma zai yi amfani da wannan wajen yanke shawara. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. In karen ya mutu, ko an riga an kashe shi, a sanar da likitan dabbobi, domin ana iya gwada ƙwaƙwalwarsa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin irin wannan gwaji, tana kuma sarrafa allurar rigakafin karnuka. Kula da karen da ya yi cizo ba aikin mai raino ba ne ko kaɗan.

Duk wannan wahala tana raguwa idan karen yana da rigakafi. Ana fara yi wa kwikwiyo yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara, kyanwa ma haka. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, a wurare da dama kuma ma'aikatan dabbobi sukan yi allura kyauta ko a rahusa a lokacin. Katin rigakafin ya zauna inda mai raino za ta iya ɗaukowa ta tafi da shi asibiti, ba a cikin akwatin da maigida ya tafi da makullinsa ba.

Ƙananan abubuwa na kullum

Kashin kare, musamman na kwiyakwiyi, yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, yaro mai rarrafe kuwa kome ya samu a ƙasa baki yake kai wa. A kwashe shi kowace safiya da shebur kafin yara su fito, a kuma wanke hannu da sabulu. Kwanon dabba dabam, soson wankinsa dabam. Makero yana tsallakowa daga kyanwa ko kare zuwa kan yaro, don haka in ta ga gashin dabbar yana zubewa a zagaye, ta faɗa. Kaji, 'yan tsaki da kunkuru sukan ɗauki ƙwayoyin da ke sa gudawa, sai a wanke wa yaro hannu bayan ya taɓa su. Kada kyanwa ta kwana a shimfiɗar jariri. Mace mai ciki, ko uwargida ce ko mai rainon, ta bar kwasar kashin kyanwa ga wani, domin akwai ƙwayar cuta a cikinsa da kan cutar da ɗan da ke ciki.

Ita ma dabbar tana bukatar a kāre ta daga hannun masu kyakkyawar niyya. Farasitamol da muke sha yana kashe kyanwa. Albasa mai yawa da cakulan suna cutar da kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya soke shi a ciki. Maganin ɓera da otapiyapiya ba sa bambanta ɓera da kwikwiyo da yaro. A watannin zafi, Maris da Afrilu, karen da aka ɗaure da sarƙa a rana ba inuwa yana iya mutuwa kafin la'asar, domin ba ya zufa kamar mu, da haki yake huce jikinsa. Cika masa kwanon ruwa aikin minti ɗaya ne, yara masu wayo ma za su iya yi a gabanta. Ta haka suke koyon tausayi. Yaron da ya ga mai rainonsa tana shurin kare duk sanda ya gifta, shi ma zai shura, wata rana kuma karen ya rama.

Ita kanta mai rainon

Kafin mu ɗora mata kome, mu tambaye ta. Wata tana tsoron kare tun wani cizo da ta sha tana ƙarama. Wata kuma Musulma ce, kuma Musulmi da yawa suna guje wa yawun kare saboda tsarkin jiki da tufafin salla. Ba daidai ba ne mu tilasta mata wanke kwanonsa, ko mu mai da abin wasa da dariya. Za ta iya kiyaye yaro daga kare ba tare da ta taɓa karen ba, in dai an gyara keji kuma wani ya ɗauki sauran aikin. Wadda ke tsoro kuwa, kada a ce za ta saba. A nuna mata karen a hankali maigida yana riƙe da shi. In bai yiwu ba, kare ya zauna a kulle muddin ita kaɗai ce a gida.

Sai maganar shekaru, wadda ba ma son taɓawa. Da yawa cikin masu rainon da ke gidajenmu 'ya'yan dangi ne da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida a matsayin ɗan aiki. Amma ko 'yar shekara 13 ko 14, tana cikin yaran nan 'yan ƙasa da 15 da muka ambata a sama. Yarinyar da nauyinta bai fi na karen da yawa ba, ba za ta iya janye shi daga kan yaro ba. Idan ita aka ciza, allurarta a kanmu take, cif kamar ta ɗanmu, ba kuma a cikin albashinta za a cire ba.

Akwai kuma lokacin tafiya. Ƙarshen shekara ya zo, iyali za su tafi gida Kirsimati da yara duka, sai a ce mai raino ta zauna ta kula da kare na mako biyu. Wannan ba raino ba ne, wani aiki ne dabam, ita ma kuma tana da iyayen da ke jiranta. In ta yarda ta zauna, a biya ta dabam, a bar abincin karen da nata, da lambar likitan dabbobi, da sunan maƙwabcin da zai zo ya riƙa sakin karen da dare yana mayar da shi da asuba. In ba ta yarda ba, a nemi wani ɗan'uwa da karen ya sani ya kwana a gidan, ita kuma a ba ta kuɗin mota.